Wa Zai Je Agadas Yawon Buɗe Ido? Fashin Baƙi Kan Nijar Bayan Ta Raba Gari Da Turawa

Idan ana maganar ƙasashen da suka zama saniyar ware a duniya, hankalin yawancinmu Koriya ta Arewa yake tafiya, ko Kuba, ko Iran. Amma mu a Sakkwato ba sai mun je da nisa ba. Daga cikin gari zuwa Illela ba a kai kilomita 100 ba, kana tsallaka iyaka ka shiga Birnin Ƙonni, ka shiga ƙasar da tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 take ta rufe ƙofofinta ɗaya bayan ɗaya, wasu da hannunta, wasu kuma aka rufe mata. Sojojin Faransa sun gama fita a Disambar 2023, ofishin jakadancinta a Yamai ya rufe a Janairun 2024. Amurka ta bar sansanin jiragenta na Agadas a Agustan 2024. Jiragen Air France sun daina sauka tun Agustan 2023. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata.

A cikin wannan hali ne ake tambaya ko akwai sauran fatan baƙi su riƙa zuwa Nijar yawon buɗe ido. Tambayar tana iya zama kamar wasa ga wanda yake ganin labaran hare-hare kullum a yankin Tilaberi. Sai dai ga mutanen Agadas magana ce ta abin sawa a baka, domin garin ya taɓa rayuwa da wannan sana'a, kuma waɗanda suka ci abinci da ita har yau suna nan da ransu.

Abin gani dai Allah Ya ba ƙasar, wannan ba a musu. Tsohon birnin Agadas da hasumiyar masallacinsa ta laka mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16, sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Duwatsun Azbin da rairayin Tenere sun riga su shiga tun 1991. A Dabus akwai zanen raƙuman dawa da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da Sahara take da ciyawa da ruwa. Kowace shekara ƙarshen damina Buzaye da Fulani Bororo suna haɗuwa a Ingal da dabbobinsu don lasar gishiri, a yi tseren raƙuma da rawar Gerewol. A Kure, kusa da Yamai, akwai raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma da suka rage a duniya, waɗanda a tsakiyar shekarun 1990 ba su wuce 50 ba, aka yi ta kiwon su har suka haura 600.

To ina gizo yake saƙa? A ganina matsalar ta girmi juyin mulkin Janar Abdourahamane Tiani. Tun asali an gina harkar a kan mai saye guda ɗaya, wato Bature, musamman Bafaranshe. Manomin albasa na Gada ko Gwaranyo ya san abin da ke samun wanda dillali ɗaya kawai yake ɗaukar kayansa: ranar da dillalin ya fasa zuwa, albasa ta ruɓe a rumbu. Haka Agadas ta zauna. A shekarun 1980 tseren motoci na Paris zuwa Dakar ne ya kai sunanta gidajen talabijin na Turai. Mano Dayak, Buzun da ya kafa kamfanin kai baƙi cikin Sahara kafin ya shiga jagorancin tawaye, shi ne fuskar wannan zamani, kuma sunansa filin jirgin saman Agadas yake ɗauke da shi tun bayan rasuwarsa a haɗarin jirgi a Disambar 1995. Da aka yi sulhu da 'yan tawaye a Afrilun 1995, jiragen shata suka riƙa tasowa daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas a lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, ba tare da sun ko biya ta Yamai ba.

Yana da kyau mai karatu ya ga yadda kuɗin baƙo ɗaya yake watsuwa, don nan ne amfanin sana'ar yake. Ayarin mutum takwas da zai yi mako biyu a Azbin da Tenere yana buƙatar motoci masu shiga rairayi aƙalla biyu ko uku, kowace da direbanta. Akwai ɗan jagora wanda ya san hanya ba taswira, ya san rijiyar da ke da ruwa a wane wata. Akwai kuku da yaronsa. An sayi man mota da gawayi da shayi da sukari a kasuwar Agadas kafin a tashi, za a sayi ɗan akuya wurin makiyayi a hanya, a sayi lemo da rumman a lambunan Timiya, a biya mai raƙumi na kwana biyu. Ranar dawowa kuma sai a zauna gaban maƙerin azurfa. Wanda ya taɓa ganin aikin ya san ba ƙaramin abu ba ne: maƙerin zai siffanta abin wuyan nan na Agadas da kakin zuma, ya lulluɓe shi da laka, ya gasa a wuta har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. Idan ta huce ya fasa lakar, ya riƙe abin da yatsun ƙafarsa a kan ɗan guntun ice, ya yi ta goga da zane da ƙaramin ƙarfe. Tun da sai an fasa lakar kafin a fitar da shi, kowane ɗaya daban yake da ɗan'uwansa. Matarsa a cikin gida tana ɗinka jakar fata da zai haɗa ya sayar. Kuɗin yuraniyom na Arlit sai ya bi ta baitulmalin Yamai kafin talaka ya ji ƙanshinsa, in ma ya ji. Na baƙo kuwa hannu da hannu yake shiga.

Rushewar ta zo daki-daki. A Fabrairun 2007 tawayen ƙungiyar Buzaye ta MNJ ya ɓarke da hari a Iferuwan, aka dasa nakiyoyi a hanyoyin Azbin, jiragen shata suka tsaya. A Janairun 2008 aka soke tseren Dakar gaba ɗaya saboda barazanar tsaro a Muritaniya, daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, yanzu kuma a Saudiyya ake yin sa. A Satumbar 2010 'yan Alƙa'ida suka sace mutum bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa. A Janairun 2011 aka ɗauke samari Faransawa biyu daga wani gidan cin abinci a tsakiyar Yamai, kuma ba su tsira da rai ba. Sai harin 9 ga Agustan 2020, wanda ya fi kowanne karya gwiwa, ranar da aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji tare da direbansu da ɗan jagoransu 'yan Nijar a Kure, wurin da kowa yake ɗauka lafiya lau ne a je kallon raƙuman dawa a dawo da yamma. A Janairu da Afrilun 2025 kuma an sace wasu mata Turawa biyu a cikin garin Agadas kansa, ɗaya 'yar Ostiriya, ɗaya 'yar Suwizalan, dukansu mazauna garin da suka saba da mutanensa.

Mu nan mun san irin wannan tabo. A Maris ɗin 2012 a unguwar Mabera aka kashe Turawa biyu, ɗan Birtaniya da ɗan Italiya, da aka sato daga Birnin Kebbi, lokacin da aka yi yunƙurin kuɓutar da su. Tun daga nan ganin Bature yana yawo shi kaɗai a kasuwar Sakkwato ya zama abin a juya a kalla.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba game da yadda ake yanke shawarar zuwan baƙo. Ba shi ne yake yanke ta shi kaɗai ba. Ma'aikatar harkokin wajen Faransa tana da taswirar da take shafa wa ƙasashe launi, kore, rawaya, ruwan lemo, ja. Idan wuri ya zama ja, kamfanin inshora ba zai ɗauki nauyin wanda ya je can ba, kamfanin shirya tafiya kuma ba zai sayar da tikiti ba, domin in wani abu ya faru shi za a kai kotu. Bayan kisan Kure Faransa ta shafa wa Nijar ja in ban da Yamai, bayan juyin mulki kuma Yamai ɗin ma ta bi sahu. Nan siyasa take shigowa da ƙarfinta. Alƙalamin da ke canza launin yana hannun gwamnatin da Yamai ta kori jakadanta da sojojinta, ta ƙwace wa kamfaninta Orano lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren a 2024, ta kuma mayar da Somair, reshen Orano mai haƙa a Arlit, mallakar ƙasa a 2025. Ko da tsaro ya inganta gobe, babu mai gaggawar yi wa Nijar wannan alfarma a Paris.

Ban faɗi haka don in ce Nijar ta yi laifi da ta nemi 'yancin kanta ba. Wanda ya san yadda aka shekara fiye da hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyukan ƙasar suna kwana cikin duhu zai gane fushin da ya cika titunan Yamai a 2023. Abin da nake cewa shi ne kowace hanya da kuɗinta, kuma a wannan ɗan jagora da maƙeri da mai raƙumi suna cikin masu biya.

Wani ɓangaren kuma gwamnatin ce da kanta take ƙara ɗaure ƙofar. Mulkin da yake jin an kewaye shi da maƙiya, duk baƙo mai kyamara ɗan leƙen asiri yake gani. An dakatar da RFI da France 24 tun Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, an sallami ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya a farkon 2025, an kuma tsaurara dokar shiga da zaman baƙi. Bature ba ya fita wajen Yamai sai da rakiyar sojoji, kuma kuɗin rakiyar a kansa yake. Wanda ya zo neman shirun Sahara ba zai so ya kwana tsakanin motoci masu bindiga a kai ba. Manyan otal-otal ɗin da aka gina a Yamai don taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, irin su Radisson Blu da Noom da Bravia, dama ba masu yawon buɗe ido ne suke cika su ba. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ne da jami'an jakadanci da masu taruka, waɗanda su ma an rage su.

Wasu na cewa ai an yi sababbin abokai, Rasha da Turkiyya da Sin, su za su cike gurbin. A nan labarin Koriya ta Arewa yana da amfani. Ta kashe maƙudan kuɗi ta gina wurin shaƙatawa na bakin teku a Wonsan mai ɗaukar mutum kusan 20,000, ta buɗe shi a Yulin 2025, amma baƙin waje da aka gani a can 'yan ƙananan ayari ne daga Rasha. A Fabrairun 2025 ta bari Turawan Yamma su shiga yankin Rason, cikin 'yan makonni ta sake rufewa. Gwamnati tana iya gina otal da umarni, tana iya ƙulla abota da wata gwamnati da sa hannu, amma ɗan ƙasar can da zai cire kuɗin hutunsa daga aljihu inda ransa yake so zai je. Barashe mai neman rana Masar da Turkiyya da Dubai yake zuwa. Waɗanda ke sauka Yamai daga waɗannan ƙasashe aikin soja ne ko ma'adinai ko kwangila ya kawo su.

Kuma kasuwar ba ta tsaya jiran Nijar ba. Muritaniya ta fuskanci irin wannan bayan an kashe Faransawa huɗu kusa da Aleg a Disambar 2007. Ta gyara tsaronta a hankali, ta yi shekaru ba a kai hari ba, sai a ƙarshen 2017 Faransa ta sassauta launin yankin Adrar, jiragen shata suka koma sauka a Atar. Shekara goma ke nan, kuma ba tare da ta yi faɗa da Paris ba. Aljeriya tun 2023 take ba masu zuwa kudancinta biza a filin jirgi, garin Janet yana karɓar irin baƙin da a da Agadas suke zuwa. Ga shi kuma ita kanta Nijar ta janye jakadanta daga Aljeriya a Afrilun 2025 tare da Mali da Burkina, kan rikicin jirgin Mali mara matuƙi da aka harbo, alhali tsohuwar hanyar masu ratsa Sahara da mota ta Tamanrasset da Asamaka take bi.

Su kuwa direbobin Agadas ba su zauna ba. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 da yawa suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, wasu suka nufi haƙar zinari a Jado da aka gano a 2014. Dokar 2015 da Tarayyar Turai ta matsa aka yi ta haramta jigilar, aka kama motoci aka ɗaure mutane, sai gwamnatin soja ta soke ta a Nuwambar 2023. Wannan yana nufin mai mota a Agadas yau yana da abin yi da ya fi jiran baƙon da ba a san ranar zuwansa ba. Abin da ke damuna shi ne ilimin da ke tafiya: dattijon da ya san kowane kwazazzabo a Azbin, ya iya Faransanci da Jamusanci a bakin aiki, yana tsufa, ɗansa kuma ba wannan ya koya ba.

Saura baƙon da ba a cika lissafawa ba, wato mu. Ga Basakkwace Nijar ba ƙasar kallon rairayi ba ce kawai. A Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yau, aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Agadas ya je neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma Sarkin Azbin na wancan zamani yana cikin waɗanda suka yi hulɗa da shugabannin jihadi. Gobirawan Sabon Birni da Isa danginsu suna Tsibiri kusa da Maraɗi. Adarawa da suka cika kasuwanninmu Tawa ce gidansu. Kamar yadda mutanen Nijar suke zuwa Hubbaren Shehu ziyara, haka akwai wuraren da ɗalibin tarihi na jami'ar Ɗanfodiyo ya kamata a ce ya taka da ƙafarsa. Ga kokowar Takobi da ake yi duk shekara tun 1975, wadda masoyanta a Sakkwato da Kebbi suka san sunayen 'yan kokowar kamar 'yan unguwarsu. Ga bikin Biyanu na Agadas a watan Muharram. Ga asibitin Galmi da mutanenmu suka daɗe suna zuwa. Wannan baƙo ba ya duba taswirar Paris, ba ya jiran inshora, ba ya buƙatar tafinta, balle yanzu da kundin mulkin da Nijar ta kafa a Maris ɗin 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa.

Amma kar a yi zaton shi ma hanyarsa a share take. Na farko kuɗi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta zube, har a 2024 jikka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000. Ka tsaya wurin 'yan canji a Illela ka ga mutum ya miƙa damin naira da roba a ɗaure, a mayar masa da 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba, ɗan canjin yana ce masa, “Alhaji, haƙuri za ka yi, sefa ce ta hau.” Wanda zai je gaisuwar rasuwa dole ya je. Wanda zai je don nishaɗi sai ya sake lissafi. Na biyu iyaka. An rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ta dogara da ita, kuma wannan ciwo bai gama warkewa ba. A Disambar 2024 Tiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta, sai a Afrilun 2025 ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya je Yamai don a daidaita. Duk lokacin da manya suka yi irin wannan cacar baki, a shingen hanya talaka yake jin ta, a sauke shi a ce takardarsa ba ta cika ba. Na uku tsaro, wanda ba a ɓangarensu kaɗai yake ba. Lakurawa a Tangaza da Gudu, 'yan bindiga a gabashin jiha, duk a kan wannan iyaka suke kai da komo.

Kuma gaskiya baƙo ɗan'uwa ba ya kashe kuɗi irin na Bature. Gidan dangi yake sauka, ba ya hayar mota uku ya shiga Tenere. Mai otal a Agadas ba zai ce ya maye masa abin da ya rasa ba. Sai dai yana da yawa, yana dawowa, kuma matan Sakkwato da Kano suna sayen azurfa da kayan fata in an kawo musu irin wanda suke so. Ɗan abin da zai riƙe maƙera a buɗe da ɗan jagora a bakin aiki har lokacin da al'amura za su sauya, daga nan zai fi saurin fitowa.

Shi ya sa nake ganin in da gaske hukumomin Yamai suke son raya wannan fanni, aikin da ke gabansu mai arha ne idan aka kwatanta da gina otal. A rage shingaye tsakanin Ƙonni da Tawa, a fayyace takardar da ɗan Najeriya zai nuna a daina canza ta kowane wata, a gyara hanyar Tawa zuwa Agadas da ta daɗe tana cin motoci, a riƙa sanar da ranakun Takobi da bikin Ingal da wuri a gidajen rediyon Sakkwato da Katsina da Kano. A namu ɓangaren, babban titin da aka ƙaddamar a 2024 daga Illela zuwa Badagry da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka fara a 2021 za su ƙara yawan masu tsallakawa in an kammala su, kuma gwamnatin jiha da Majalisar Sarkin Musulmi suna da bakin da za su iya shirya ziyarar ɗalibai da malamai zuwa Maratta da Agadas ba sai an jira Abuja ba.

Akwai kuma abin da ba zai jira siyasa ta daidaita ba. Ginin laka yana son yaɓe duk shekara. Ruwan damina na 2024 ya yi ɓarna mai yawa a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya rushe a watan Satumba, gidajen tsohon garin Agadas ma sun taɓu. Kuɗin gyaran irin waɗannan wurare a da daga baƙi da ƙungiyoyin waje wani kaso yake fitowa, kuma duka biyun sun ja baya. Yanzu nauyin ya koma kan gwamnatin da yaƙi yake cinye kasafinta, da masarautun gargajiya, da attajiran yankin, har da namu na wannan ɓangaren iyaka da suke da tarihi a can.